Abin da Ruwa Ya Riƙe

Malama Ajoke ta ɗaure noti da zare,
ta bar shi a tafasasshen ruwa har ya kai digiri ɗari,
ta ciro, ta jefa a kofin tagulla mai ruwan famfo.
Mu arba'in da bakwai muka zuba wa ma'aunin zafi ido,
fanka ta mutu tun Litinin,
Mushin tana ta hon a bayan taga.
Ƙarfe ya sauko da saba'in.
Ruwa ya hau biyu.
Biyu tak.

Ta ce, ku rubuta, zafi ba ya ɓata.
Abin da noti ya zubar, ruwa da kofi ne suka kwashe.
Giram ɗaya na ruwa sai ya haɗiye jul huɗu da ɗoriya
kafin ya yarda ya ɗaga digiri guda.
Ƙarfe kuwa, rabin jul ma ya yi masa yawa,
nan da nan ya fara huci.
Ta juya allo, ta auna su da mol:
ruwa saba'in da biyar, ƙarfe ashirin da biyar.
Ko ta wace tiya aka auna, ruwa ya fi ciki.

Na rubuta. Amma hankalina yana Ladipo,
rumfa ta uku bayan mai sayar da fitilun mota,
inda Baba yake liƙin lagireto.

Ranar Laraba wani direban danfo ya zo da rigima,
wai aikin jiya ya yoye masa a kan doguwar gada.
Ya zagi aikin, ya zagi hannun,
ya tsallaka ya taɓa garinmu da mahaifiyar Baba.
Yaya Ilu ya wurgar da sifana, ido jawur,
sai da mutum uku suka riƙe shi.
Kafin La'asar ga shi can yana dariya da yaron direban,
suna raba gasasshiyar ayaba da gyaɗa.
Kwanon rufi ke nan:
rana ta taɓa shi ya ƙona hannu,
hadari ya gifta ya koma kamar ba shi ba.

Baba cewa ya yi, kawo in duba.
Ya duba, ya sake liƙewa, bai karɓi ko kwabo ba.
'Yan kasuwa suka ce, Malam Cindo ai randa ne,
ba ya jin wuta.

Yana ji.

Malama ta ce cokalin ruwa da durom halinsu ɗaya,
amma abin da kowa zai ɗauka ya danganta da yawansa.
Shekara talatin da ɗaya a Ikko,
haya, ambaliya, rusau sau biyu,
kabarin Inna a Agege.
Wa zai ɗora wannan a sikeli?

Ta kuma ce shi ya sa teku take da ɗumi da dare
bayan kwalta ta huce,
har iska ta juya ta nufi ruwa.
Wanda ya yi jinkirin ɗauka
shi ke jinkirin saki.

Daren Asabar, ƙarfe biyu, ba wuta,
na fito neman iska da littafina a hannu.
Na same shi a benci ba riga,
yana maimaita lambar danfon nan a hankali
kamar mai jan carbi.

A jarrabawa ana ba mu lamba uku mu nemo ta huɗu:
nauyi, halin abu, tazarar digiri.
Nan ba a ba ni ko ɗaya ba.

Abu guda na tuna:
in biyu suka jingina da juna,
zafi yakan gangara har su daidaita.

Ya ce, Barira, ba ki yi barci ba?
Na ce, zafi ne.
Na matsa, kafaɗata ta taɓa tasa.
Ban san nawa zan hau ba.